Ƙasa, takarda da maƙwabci: abin da tarihin Yamai ke faɗa wa mai sayen gida

A birnin Yamai cinikin gida ya fi kankama da rani. A lokacin ne hanyoyi ke bushewa, babur ɗin dillali ya shiga kowane lungu, bangaye kuma su sha sabon fenti. Malamin makarantar da ya share shekara 25 yana riƙe da alli, ya tara abin da ya sawwaƙa ta hanyar adashi da bashin banki, sai ya bi bayan dillali a buɗe masa ƙofa. Zai ƙidaya ɗakuna, ya ƙwanƙwasa bango, ya ɗaga kai ya dubi rufi, ya tambaya ko akwai famfo da lantarki. Tambayoyi ne masu kyau, babu shakka. Sai dai tarihin birnin ya nuna cewa ba kasafai rashin ingancin gini ke raba mutumin Yamai da gidansa ba. Cikin shekara ɗari da suka shige, abubuwan da suka fi tayar da jama'a daga muhallinsu su ne gobara, da umurnin hukuma, da rikicin takarda, da ambaliyar ruwa, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ake gani ranar da aka je duba gida. Saboda haka wanda zai zuba gumin rayuwarsa a cikin gida guda, ya dace ya san labarin ƙasar da gidan yake a kanta.

Garin da aka yi ta tayarwa

Kafin zuwan Nasara, Yamai ƴan ƙauyuka ne a gaɓar hagu ta kogin Isa, wanda ake kuma kira Kwara. Akwai Zabarmawa, da Arawa waɗanda ake kira Mawri, da Fulani, daga baya kuma fatake Hausawa suka kafa Zongo. Gudel da Gamkale da Saga garuruwa ne masu cin gashin kansu, kowane da gonakinsa, haka ma Lamorde a tsallaken kogi. A farkon ƙarni na 20 sojojin Faransa suka kafa bariki a wurin. An mayar da fadar mulki Damagaram a 1911, sannan a 1926, zamanin gwamna Jules Brévié, aka dawo da ita Yamai.

Daga nan aka fara tsara gari bisa ra'ayin mai mulki. Ƙoramar Gunti Yena, wadda ta ratsa garin ta faɗa kogi, ita aka mayar iyaka. A gefe guda tudun Filato, inda iska ke kaɗawa, aka keɓe shi ga ofisoshi da gidajen Turawa. A ɗaya gefen kuma ƴan ƙasa. Mai mulki ya san abin da yake yi da ya zaɓi tudu: har yau ba a jin kogi ya shiga gidajen Filato.

Yunwar 1931, wadda fara da ƙarancin ruwan sama suka haddasa a ƙasar Zabarma, ta koro talakawa masu yawa zuwa Yamai, bukkoki suka cunkushe a bakin kogi. A 1935 wata babbar gobara ta cinye mafi yawansu. Hukuma ta yi amfani da wannan dama ta ɗauke tsofaffin unguwanni daga gaɓar ruwa zuwa kan tudu, ta yanka musu filaye a jere bisa tituna miƙaƙƙu, ta kuma hana ginin kara da ciyawa a cikin gari, sai dai na laka. Wanda ke da halin gina ɗakin laka ya zauna. Wanda ba shi da hali ya tattara karansa ya koma bayan gari, inda doka ba ta kai ba tukuna. Wannan salo ya daɗe yana maimaituwa: gari ya faɗaɗa ya cim ma masu bukka, a tashe su, su ƙara gaba.

Samun mulkin kai a 1960 bai kawo ƙarshen tashin ba. Lokacin da kuɗin yuraniyom suka shigo a shekarun 1970, tsohuwar unguwar Gaweye ta bakin kogi ta ba da wuri ga babban otel da zauren taro, mazaunanta kuwa aka tsallakar da su ɗaya gaɓar. Sunan ya rabu biyu: otel ya riƙe shi, unguwar da aka sake kafawa a tsallake ita ma ta riƙe shi. Darasin da ke cikin wannan shi ne, daɗewa a wuri ba ta isa kāriya ba idan wurin ya shiga idon masu tsara birni.

Sunan unguwa kundin tarihi ne

Malaman harshe sun fi kowa sanin cewa suna linzami ne. Sunayen unguwannin Yamai suna ɗauke da labarin yadda aka kafa su, da Hausa da Zabarmanci da Faransanci. Bukoki ba komai ba ne illa bukkoki, wato matsugunin waɗanda dokar laka ta tura waje, ga shi yau ya zama tsakiyar gari mai cike da kasuwanci. Kwara Tegi da Zabarmanci na nufin sabon gari, irin sunan da ake raɗa wa inda aka sauke waɗanda aka tayar. Banizumbu addu'a ce, ma'anarsa lafiya ta sauka. Lazare ta ɗauki sunan wurin killace marasa lafiya, kuma a can aka kafa sansanin dubban mutanen da farin 1973 da 1974 ya raba da dabbobinsu. Harobanda na nufin bayan ruwa. Unguwar da ake kira Pays-Bas kuwa, a kan hanyar filin jirgin sama, sunanta ma ya isa gargaɗi, domin ƙasa ce mai kwari da ramuka.

Yawan waɗannan sunaye ya samo asali ne daga saurin girman birnin. A 1960 mazauna Yamai kimanin dubu 30 ne. Ƙidayar 1977 ta samu fiye da dubu 200, ta 1988 kusan dubu 400, ta 2001 kimanin dubu 700, ta 2012 kuma ta haura miliyan 1. Babu hukumar da ta iya yanka filaye da gina gidaje daidai da wannan gudu. Bankin Crédit du Niger da kamfanin SONUCI sun taimaka wa wani rukuni na ma'aikata suka mallaki gidaje a rukunonin da aka gina musamman, amma abin bai taka kara ya karya ba idan aka dubi yawan masu buƙata. Mafi yawan mutanen Yamai ƴan haya ne, ko kuwa masu gini da kansu, bulo bayan bulo, shekara bayan shekara. Hatta dajin dogon yaro da aka soma dasawa a 1965 don ya yi wa gari ɗamara ya tsare shi daga ƙura, gari ya cim masa ya tsallake, wasu kuma suka yi ta gutsurar filinsa suna sayarwa.

Takarda iri uku a kan ƙasa ɗaya

Tushen rikicin fili a Yamai shi ne haɗuwar dokoki biyu a kan ƙasa guda. A al'adance ƙasa ta zuriyar wanda ya fara sare daji ce. Ana gadonta, ana aronta, shaidarta kuma tana bakin dattawa. Nasara ya zo da tasa fahimtar, wadda dokar 26 ga Yuli 1932 ta tsara wa dukan ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Faransa: mallaka ta tabbata ne kawai idan an auna fili, an kafa masa duwatsun iyaka, an rubuta shi cikin babban littafin filaye. Dokar ƙauye ta 2 ga Maris 1993 ta amince da mallakar gargajiya, amma ba ta kawar da saɓanin ba a bakin birni, inda gonar jiya ke zama unguwar gobe.

Shi ya sa mai saye ke cin karo da takarda iri uku. Ta farko ita ce shaidar riƙon gargajiya, wadda mai gari ko mai unguwa ke sa wa hannu idan magada sun sayar da wani yanki na gonarsu. Tana da araha, sai dai ranar da aka zo yanka unguwar bisa tsari, abin da ake kira lotisma, ana iya tarar da gidan a tsakiyar titi ko cikin filin da aka keɓe wa makaranta. Ta biyu ita ce takardar miƙa fili da ma'aikatar magajin gari ke bayarwa, mai ɗauke da lambar rukuni da ta farsel. Ita ce a hannun mafi yawan masu gidaje, kuma ita ce aka fi samun an yi wa tagwaye, fili ɗaya masu shi biyu ko uku. Ta uku ita ce takardar mallaka ta dindindin, wadda ke fitowa daga ofishin kula da littafin filaye. Ita ce mafi ƙarfi a gaban alƙali da banki, amma tsadarta da tsawon hanyarta sun sa ƴan ƙalilan ne suka mallake ta. Don sauƙaƙa wannan ne aka ƙirƙiro a 2006 wata hanya mai rangwame da aka raɗa wa suna Sheda, kalmar da kowane Bahaushe ya san ma'anarta.

Malaman makaranta suna da nasu babi a wannan tarihi. A shekarun 1990 baitulmali ya bushe, ma'aikata suka yi ta bin gwamnati bashin albashi na watanni, ga kuma karyewar darajar kuɗin sefa da rabi a Janairun 1994, wadda ta tayar da farashin siminti da ƙarfe da kwanon rufi. A farkon shekarun 2000 gwamnati ta biya wani kaso na bashin da filaye a gefen gari. Wasu malamai da wannan fili suka samu gidan da suke ciki yau. Wasu da yawa kuwa, ganin babu hanya, babu famfo, babu kuɗin gini, sai suka sayar da takardun da rahusa ga masu hannu da shuni. Daga wannan zamani fili ya zama kamar kuɗi, ana biyan bashi da shi, ana ajiye dukiya a cikinsa. Da aka buɗe wa ƴan kasuwa ƙofar yanka filaye, gonakin kewayen birni suka rikiɗe suka zama farsel tun kafin a san ranar da ruwa da wuta za su isa can. Bankin gidaje da aka buɗe a 2018 ya zo ya tarar da kasuwar a haka.

Akwai kuma gidan gado, wanda shi ne tarkon da ya fi kama masu gaggawa a tsofaffin unguwanni. Ɗaya daga cikin magada ya sayar, sauran suna Kwatano ko Akara ko Makka ba su sani ba. A mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a ƙasar, abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shufu'a, wato ya mayar wa mai saye kuɗinsa ya karɓi kason da aka sayar. Wanda ya sayi irin wannan gida ba tare da ganin shaidar rabon gado da yardar dukan magada ba, ya yi cinikin biri a sama.

Kogin da aka ɗauka ya mutu

Babban abin da ya yaudari mutanen Yamai shi ne fari. Daga ƙarshen shekarun 1960 har zuwa tsakiyar shekarun 1980 ruwan sama ya ja baya a duk faɗin Sahel. A watan Yunin 1985 kogin Isa ya daina gudu a Yamai, yara suka riƙa tsallaka shi da ƙafa. A daidai wannan zamani ne birnin ya fi girma, kuma gadar Kennedy da aka buɗe a 1970 ta buɗe ƙofar tsallaken kogi, inda aka kafa jami'ar da yau ke ɗauke da sunan Abdou Moumouni. Ƙasar Harobanda shimfiɗaɗɗiya ce, tana da fadamu da tsohon reshen kogi da ya ƙafe. Dattawan Lamorde da Kirkisoy sun san inda ruwa ke kwanciya a shekarun albarka, ba su kuma gina ɗaki a can. Baƙon da ya zo a shekarun fari bai ga komai ba sai busasshen fili mai araha kusa da gari. Tsara guda cur ta yi gini a kan gadon ruwa ba tare da ta taɓa ganin ruwan ba.

Kogin yana cika sau biyu a shekara a Yamai. Akwai cikar da ke tasowa daga duwatsun Gini, ta yi watanni tana ratsa fadamun Mali, ta iso da sanyin hunturu, tsakanin Disamba da Fabrairu, a hankali. Akwai kuma jar cika ta damina, a Agusta da Satumba, wadda rafukan Gorouol da Dargol da Sirba ke kwararowa da ita daga wajen Burkina Faso. A da cikar hunturu ce babba. Amma sare itatuwa da nome dazuzzuka sun sa ƙasa ta yi tauri ba ta shan ruwa, ruwan sama sai ya gangara kai tsaye ya kwashi jar ƙasa da yashi ya zuba a kogi. Masana sun lura da wannan abin mamaki na Sahel: ko a shekarun da ruwan sama bai kai na da ba, abin da ke kwarara cikin rafuka ya ƙaru. Yashin kuma ya cike cikin kogin, wurin zaman ruwa ya ragu. Ta haka jar cika ta zama ita ce abin tsoro.

An ga alama a 1998, aka sake gani a 2010. A Agustan 2012 ma'aunin kogi ya haura mita 6, ruwa ya mamaye unguwannin tsallake da Saga, aka kwashe dubban iyalai zuwa wani fili da ake kira Seno. An ɗaga ganuwar tare ruwa, mutane da yawa suka koma inda suka fito, domin can ne kusa da abincinsu. A 2019 kogi ya wuce matsayin 2012. A Satumbar 2020 ya kai kimanin mita 7, abin da ba a taɓa aunawa ba a Yamai. Ganuwar Lamorde ta ɓalle, gidaje na laka da na siminti suka kwana cikin ruwa. Daminar 2024 kuwa ta kashe kusan mutum 400 a faɗin ƙasar, har ta yanke manyan hanyoyin shiga babban birnin na ƴan kwanaki. Madatsar Kandaji, wadda aka aza tubalinta a 2008 da fatan ta daidaita tafiyar kogi, shekaru sun yi ta wucewa ana jiran ta.

Kada mai gida a gaɓar hagu ya ce shi ya tsira. Ƙoramu da tafkunan da aka cike da shara aka yi gini a kansu suna nan a unguwanni da dama nesa da kogi, kuma ruwan sa'a biyu ya isa ya tuna musu hanyarsu.

Laka, siminti da mutanen unguwa

Tarihin kayan gini shi ma yana da abin faɗa. Dokar bayan gobarar 1935 ta ɗaukaka laka a kan kara. Bayan mulkin kai kuma siminti da kwano suka zama alamar ci gaba, laka ta koma alamar talauci. Alhali kuwa a garin da zafin Afrilu ke wuce digiri 40, ɗakin bulo mai rufin kwano tanda ne, mai shi kuma zai ƙare kuɗinsa wajen biyan lantarki, ko ya kwana a tsakar gida. Ginin laka mai kauri ya fi sanyi, amma ba ya jure ruwa ya kwanta a gindinsa. Rukunin gidajen da ake kira Niamey 2000, wanda aka kammala a 2016 tare da hannun Mariam Issoufou Kamara, mai zanen gine-gine ƴar ƙasa, ya nuna cewa da tubalin ƙasa da aka matse da inji ana iya yin bene mai kyau mai sanyi a ƙaramin fili. Ashe laifin ba na laka ba ne; tambayar ita ce a ina aka kafa ta, kuma da wane irin tushe.

Saura maƙwabci. Larabawa na cewa a nemi maƙwabci kafin gida, Hausawa ma sun san da haka. A Yamai wannan magana ta wuce zaman lafiya da gaisuwar safe. Unguwannin gefen gari da yawa ba hukuma ce ta fara kai musu makaranta da famfo ba. Mazauna ne suka haɗa kuɗi suka kafa ajin zana, suka yi ta sintiri a ofisoshi har aka turo malami, suka roƙi a ja musu bututu, suka tsare filin makaranta da na asibiti daga masu son yanka shi. Unguwar da mutanenta ke da haɗin kai, mai gida a cikinta yana da masu tsaya masa ranar da wani ya zo da takarda ta biyu, da masu ɗaukar buhun yashi ranar da ruwa ya taso. Tsohon maƙwabci kuma shi ne littafin da ba ya ƙarya: ya san wanda ya fara gina gidan, da sau nawa aka sayar da shi, da inda ruwa ya tsaya a bango a 2012 kafin a shafe wurin da fenti.

Kammalawa

Malamin da aka bari tsaye a ƙofar gida tare da dillali bai rasa abin yi ba. Tarihi ya ba shi tambayoyin da suka fi ƙidayar ɗakuna. Ya tambayi ma'anar sunan unguwar da abin da ke wurin kafin a yi gini: gona ce, ko fadama, ko ramin da aka haƙi ƙasa. Ya bi sawun takarda da ƙafarsa har ofishin da ya fitar da ita, ya ga lambar a cikin littafi, ya tabbatar mai sayarwa shi ne mai suna ko kuwa dukan magada sun sa hannu, a kuma ƙulla cinikin a gaban jami'in da doka ta ɗora wa shaidar ciniki. Ya zauna da dattawan masallacin unguwar ba tare da dillali ba. Idan kuma gidan da ya gani a watan Maris ya kwanta masa a rai, ya yi haƙuri ya koma ya gan shi a ƙarshen Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. Dillali zai ce akwai wani mai so, kuɗinsa a hannu, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Rasa gida mai kyau saboda jinkirin wata biyar abin baƙin ciki ne, amma ana samun wani. Wanda ya zuba kuɗin sallamarsa daga aiki a gadon kogi, ko a filin da ke da masu shi biyu, ba shi da wata shekara 25 da zai sake tarawa, kuma abin da zai bar wa ƴaƴansa shi ne zaryar kotu.